Gara ta cinye rufin gidan da na saya a Tudun Wada: in gyara ko in mayar?

Usman T/Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, ina roƙon duk wanda ya san harkar gini ya daure ya karanta har ƙarshe. Wata biyu ke nan da na sayi wani tsohon gida a Tudun Wada, nan cikin Gombe. Ɗaki uku da falo, ginin bulo, an yi shi tun Gombe na ƙarƙashin jihar Bauchi, wato kafin 1996. Gidan gado ne, ya yi shekara huɗu a kulle ba kowa ciki. Na san tsoho ne, shi ya sa ma kuɗinsa ya zo daidai ƙarfina bayan shekara 11 ina biyan haya. Lissafina bai wuce fenti da wayar wuta da gyaran banɗaki ba.

Ranar Asabar na kai kafinta ya cire wani silin da ya yi ciki a ɗakin tsakiya. Yana ɓamɓaro shi sai busasshiyar jar ƙasa ta zubo mana a ka, ta kusa cika tiya. Ya haska tocila ya ce in hau tsani in gani da idona. Katakon da ke riƙe da kwanon, daga waje lafiya lau, amma da ya danna masa sukundireba sai ta shige har ƙota kamar an soka a burodi. Ciki ba komai sai ƙasa da ƙananan fararen ƙwari suna ta gudu. Ɗaki biyu sun tafi gaba ɗaya, na ukun rabi, falo ne kawai da sauƙi. Katakon bakin ƙofofi ma fenti ne ke riƙe da shi.

To in koma wa magadan a warware ciniki, ko in rungumi ƙaddara in gyara? In gyaran ne, ta ina ake farawa? Iyalina na da tsohon ciki, hayarmu kuma za ta ƙare ƙarshen Afrilu.

Maman Ilham:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar maka da alheri, Malam Usman. Allah kuma ya sauke ta lafiya.

Ɗanjuma Kafinta:
Maigida, kwantar da hankalinka, wannan aikinmu ne na kullum. A sauke kwanon a hankali, in bai yi tsatsa ba za a mayar da shi. A fitar da tsohon katakon duka a ƙone, kada a bar ko guntu. Ka shiga kasuwar katako ka sayi sabo, a haɗa baƙin mai da maganin katako na Solignum a shafe shi tas. Sati biyu an gama, kafin ruwan farko ka tare.

Bappa Magini:
Ɗanjuma ɗana, ka faɗi rabin aiki ka bar rabin da ya fi muhimmanci. Gara ba daga sama take saukowa ba. Gidanta yana ƙasa, can take kwana, can take sha, rufi wurin cin abincinta ne kawai. In ka ɗora sabon katako ba ka taɓa ƙasa ba, sabon tuwo ka ajiye mata.

Usman, shekarata 40 da wani abu ina riƙe da cokalin gini. Ka koma gidan nan da asuba ka zagaya gindin bango, ciki da waje, ka duba inda ƙasa take da sanyi ko fenti ya kumbura alhali muna tsakiyar rani. Ka duba ko akwai kututturen itace da aka sare aka bar saiwarsa. Ka sa a fasa bulo ɗaya daga ƙasa a ɗakin da ya fi lalacewa. Bulo yana da rami a cikinsa, ta nan take hawa har ta kai katakon da ke kan bango, kai kana zaune a ɗaki ba ka ga komai ba. Sai ka gaya mana abin da ka gani, sannan a yi maganar rufi.

Ɗanjuma Kafinta:
Gaskiya ne Bappa, ban musa ba. Ni dai abin da na sani na faɗa.

Adda Hauwa Bolari:
Ƙanena, ka saurari Bappa. Abin da ya same ni ke nan a gidanmu na Bolari. Sau biyu maigida, Allah ya ji ƙansa, yana canja katakon ɗakina cikin shekara shida, duk biyun an sha baƙin mai har yana ɗiga a kan gado lokacin zafi. Ba rufin ne ya fi ƙona mini rai ba. Akwai akwatin da na jingina da bango, ciki akwai atamfofin lefena da ban taɓa ɗinkawa ba, da takardun makarantar yara, da hoton mahaifiyata guda ɗaya tak da nake da shi. Damina ɗaya ban ja akwatin nan ba. Ranar da na ɗaga shi gindin ya zauna a ƙasa, hannun kawai ya biyo ni. Atamfa tana nan a ninke yadda na bar ta, kana taɓawa tana zubewa. Hoton kuwa rabin fuska ya rage. Daga baya aka gano famfon da ke bayan ɗakin ya daɗe yana yoyo a cikin ƙasa. Tun da aka gyara shi aka zuba magani, yau shekara tara ban sake ganin gara ba.

In ka tare, kada ka haɗa komai da bango. Ka bar tazarar tafin hannu, yadda tsintsiya za ta shiga.

Hamma Bello:
Ni dillali ne, bari in yi magana kafin a fara zaginmu, don na san nan za a zo. Wanda ya sayi gidan da ya haura shekara 30, wanda ya yi shekara huɗu a rufe, ya san ba sabo ya saya ba. Da lafiyayye ne da ba a wannan kuɗin zai same shi ba. Araha ba ta ado. Mu ba ma hawa cikin silin, mai saye ne yake zuwa da magininsa ya duba kafin ya biya. Malam Usman, ka je da wani ya duba maka?

Usman T/Wada:
Ban je da kowa ba, Hamma. Sau biyu na shiga, duk da yamma, kuma dillalin yana ce mini akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi gobe. Amma akwai abin da yake damuna. Ɗakin da ya fi lalacewa shi kaɗai ne aka yi wa sabon fenti, kuma an canja silin biyu a kusurwa. Wanda ya canja silin nan ba yadda za a yi bai ga abin da ke sama ba.

Hamma Bello:
To wannan kam wata magana ce daban. In haka ne ba zan kare kowa ba.

Malam Abdullahi Jekadafari:
Bismillah. Malam Usman, Allah ya ba ka haƙuri. Akwai haƙƙi a nan da bai kamata a wuce shi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Wanda ya san aibin kaya ya rufe shi ya sayar, ya ɗauki alhaki, ko mai kaya ne ko ɗan tsakiya. Malamanmu na Malikiyya sun kasa aibin gida uku. Akwai ƙarami wanda ba ya rage daraja, wannan ba a komawa kansa. Akwai matsakaici, wanda ake rage wa mai saye kuɗi gwargwadonsa. Akwai babba, wanda mai saye ke da zaɓin mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Ba ni zan ce naka wane ne ba, masana gini ne za su ƙiyasta.

Abin da nake so ka kiyaye: kada ka fara gyara kafin ka sanar da su. Wanda ya ga aibi ya yi shiru ya ci gaba da aiki a kan kayan, ana iya ɗaukar hakan a matsayin ya yarda. Ka ɗauki hotuna, ka kira shaidun cinikin da mai unguwa su gani da idonsu tun komai yana inda yake. Sannan ka kyautata zato ga magadan, wataƙila mutum ɗaya ne cikinsu ya sa aka yi fentin, sauran ba su da labari. Sulhu ya fi, in ya ƙi sai alƙali.

Maman Ilham:
Allah ya gafarta Malam, in an ce sai an jira sulhu, ita mai cikin a ina za ta haihu? Kuɗin gado da an raba ya shiga hannu goma. Wani ya yi aure da nasa, wani ya sayi babur. Wa zai dawo da su cikin wata biyu?

Malam Abdullahi Jekadafari:
Hajiya, ban ce ya zauna jiran shari'a ba. Sanarwa da kafa shaidu aikin kwana biyu ne. Bayan nan ya ci gaba da gyaransa, haƙƙinsa yana nan.

Injiniya Sani:
Na makara, amma bari in ƙara a kan maganar Bappa, don ita ce tushe. Garar da ke cin gidajenmu a nan mafi yawa ta ƙasa ce. Jikinta laushi gare shi, iska da rana suna busar da ita nan da nan, shi ya sa ba ta tafiya a fili sai ta gina wa kanta rufaffiyar hanya da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙasar da ta zubo muku daga silin, ɗauko ta suka yi daga ƙarƙashin gidan ƙwaya-ƙwaya. Ba ta cin siminti, amma tsagar da katin waya zai shiga ta ishe ta wucewa, haka bututun wayar wuta da gefen bututun ruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ita kuwa ko tsagar da ido bai gani ba ta wadatar.

Kada a rikita ta da ƙwaron katako. Shi yana barin ƙananan huji kamar na allura da gari mai laushi a ƙasa. Inda ka ga ƙasa a cikin katako, gara ce.

Tambaya mafi girma a wurina ita ce lafiyar bango da harsashi. In bangon bai tsage daga ƙasa zuwa sama ba, daɓen bai zauna ba, kuma gidan ba a bakin kwari yake ba, don ka san yadda zaizaya take cin wasu unguwanninmu, to gidan nan abin gyarawa ne. Rufi kaso ne na gida, fili da gini su ne dukiyar. Ni dai in takardunka sun cika ba zan ba ka shawarar mayarwa ba. Ka nemi ragi, ka kuma kai takardun ofishin GOGIS, hukumar takardun filaye ta jihar Gombe, a tabbatar maka da su kafin ka zuba wasu kuɗin.

Usman T/Wada:
Na dawo da labari. Bappa, kamar kana wurin. Jiya bayan sallar asuba na zagaya. A bayan ɗakin tsakiya akwai tankin ƙasa da ake juye ruwan tanka, mannuwa da bango. Maƙwabci ya ce duk shekarun nan shi yake sa a cika yana amfani da shi da izinin magada, kuma ya daɗe yana mamakin yadda ruwan ke saurin ƙarewa. Mun kwashe, sai ga tsaga a kusurwa, tsawon kamu ɗaya. Ƙasar wurin in ka damƙa tana dunƙulewa, a watan Fabrairu. Taku uku daga nan akwai kututturen mangwaro da aka daɓe kansa da siminti. Da muka fasa daɓen, abin da na gani ba zan manta ba: ƙasa ta zama kamar saƙar zuma, ga zago masu jan kai sun fito suna cizo, ɗaya ya kama yatsan yaron magini sai da jini ya fito. Bulon da aka fasa a ɗakin kuma cike yake da ƙasa har sama.

Na kira mai unguwa da shaidu biyu sun gani, kamar yadda Malam ya ce.

Bappa Magini:
Alhamdulillahi, an ga gidan ɓarawo. Yanzu a tone kututturen nan da saiwarsa duka, a bi ramin har a kai ga uwar. Za ka same ta a wani dunƙulen ƙasa mai tauri, fara ce, kauri kamar babban yatsa. A da can in shuri ya fito a gida haka muke yi, in aka cire uwar sauran watsewa suke.

Injiniya Sani:
Bappa, a tona ɗin, amma kada a dogara da shi kaɗai. Uwar tana zuba dubban ƙwai a rana, cire ta babban ci gaba ne. Sai dai wani lokaci ainihin gidan yana can ƙarƙashin ɗakin maƙwabci ko bayan katanga, abin da aka gani reshe ne. Kuma duk farkon damina shinge na fitowa, waɗanda yara ke tarawa a gindin fitila. Kowane biyu da suka zubar da fuka-fuki suka sami ƙasa mai laima, sabon gida ne za su kafa. Don haka sai an yi wa ginin katangar magani: a haƙa ɗan rami kewaye da harsashi a jiƙa ƙasar a mayar, a cikin ɗakuna kuma a huda daɓe a bin bango, tazarar kamar ƙafa ɗaya tsakanin huji da huji, a ɗura maganin a toshe da siminti.

Sadiq Pantami:
Ku daina wahalar da bawan Allah. Ya nemi Gammalin ya haɗa da kalanzir ya kwarara a ramin. Kakana da shi ya yi, har ya rasu gara ba ta dawo ba.

Injiniya Sani:
A'a Sadiq, don Allah kada a yi wannan. Sinadarin da ke cikin Gammalin an sa shi cikin jerin gubar da duniya ta amince a daina tun 2009, saboda yana daɗewa a ƙasa da ruwa da jikin mutum. Wannan gida ne da mai ciki za ta shiga, ga tankin ruwan sha a gefe. Ko maganin ƙwarin nan da za ka ga an rubuta Chlorpyrifos a jikin robar, Tarayyar Turai ta hana shi a 2020, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne illarsa ga ƙwaƙwalwar jarirai tun suna ciki. Usman, ka nemi mai ɗauke da Fipronil ko Imidacloprid, mai lambar NAFDAC. Amfaninsu shi ne gara ba ta jin su balle ta kauce, tana ratsawa ta kwasa a jikinta ta kai wa 'yan'uwanta. A bi awon da aka rubuta a jiki, kada mai feshi ya ce zai ƙara ƙarfi ko ya tsinka don ya isa. Ka tsaya a kansa ka ga an buɗe robar a gabanka. Kuma iyalinka kada ta leƙa gidan sai an toshe hujin an wanke, iska ta ratsa kwanaki.

Adda Hauwa Bolari:
Tankin nan fa? Ni da a ce nawa ne rushe shi zan yi. Ko an liƙe tsagar, hankalina ba zai kwanta in ba jariri ruwan da aka zuba magani a gefensa ba.

Bappa Magini:
Kin yi gaskiya Hauwa. A cike shi da ƙasa a daɓe. Ya sayi tankin roba ya ɗora a kan dakali nesa da bango, inda in ya ɗiga ido zai gani. Ruwan wanke-wanke da na alwala ma a yi masa kwata ya fita waje.

Ɗanjuma Kafinta:
To tunda an gama da ƙasa, a dawo sama, nan ne fagena. Maigida, abu uku zan gaya maka da ba kowane kafinta zai faɗa ba. Kada ka sayi ɗanyen katako, ba ya shan magani, a bayansa kawai yake tsayawa. Ka ɗaga ka ji nauyinsa, ka duba bakin yankan. Mai fari-fari a gefe shi gara ta fi so, jan ciki ya fi ƙarko. Na biyu, shafawa da buroshi ba ta kai tsomawa ba. A haƙa dogon rami a shimfiɗa leda mai kauri, a zuba maganin katako a jiƙa su su kwana. Na uku, kuma nan ne ake cutar mutane: ana shafe katako ya yi baƙi ƙirin mai gida ya gani ya ji daɗi, sai mu hau sama mu yanka da zarto, bakin yankan ya zauna fari tas a kan bango. Ta nan take shiga. Duk inda zarto ya taɓa a sake shafawa kafin a buga ƙusa.

Injiniya Sani:
Wannan gaskiya ce tsantsa. Ni dai da ƙarfe zan ce a yi rufin, a huta gaba ɗaya. Baƙin mai kuma a bar shi, wari ne da haɗarin gobara, kariyarsa ba ta wuce fatar katako.

Ɗanjuma Kafinta:
Injiniya, ƙarfe na masu hali ne. Mutumin da ya ƙarar da ajiyarsa a sayen gida, ga siminti ga haihuwa a gaba, ina zai kai kuɗin ƙarfe da mai walda? Kakanninmu da azarar giginya suka yi rufi, akwai soraye har yau suna tsaye. Ƙirya ma da ake sassaƙa turmi da ita, gara ba ta cika kusantarta ba. Katako ba laifi ba ne in an zaɓa an kuma gyara ƙasa.

Bappa Magini:
Ku raba ta biyu. Rufi a yi da katakon da aka jiƙa, amma kada ya kwanta kai tsaye a kan bulo mai rami. A zuba kankare a saman bango ya toshe ramukan, sannan a ɗora. Bakin ƙofa da taga kuwa, da suke taɓa ƙasa, a sa na ƙarfe. Silin a sa na roba, a bar ƙofar leƙawa a kowane ɗaki, don duk ƙarshen damina mutum ya hau da tocila ya duba.

Usman T/Wada:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda aka kwana. Mun zauna a zauren mai unguwa daren Laraba. Babban ɗan marigayin ya rantse bai san da maganar fentin ba, ƙaninsa ya sunkuyar da kai ya ce shi ya sa aka yi, bisa shawarar wanda ya kawo ni. Mahaifiyarsu ta aiko daga cikin gida cewa ba za a ci haƙƙin mai ciki da sunan mijinta ba, a cire daga nata kason. Na ce ba zan karɓi na tsohuwa ba. A ƙarshe 'ya'yan maza uku suka ɗauki kuɗin katako da maganin ƙasa, za su biya kashi biyu, an rubuta an sa hannu. Dillalin bai zo ba, wayarsa a kashe.

An tone kututturen, an sami uwar kamar yadda Bappa ya kwatanta. An cike tankin. Ɗaki biyu zan fara rufawa mu shiga, na ukun da falo sai bayan suna in Allah ya hore.

Bappa, tambaya ɗaya ta rage. Mai maganin ya ce Litinin zai zo ya huda daɓe, magini kuma yana so ya fara zuba kankaren saman bango ranar. Su yi tare, ko ɗaya ya jira ɗaya?

Bappa Magini:
Magini ya jira. A fara ɗura magani a cikin ramukan bulo daga sama tun suna buɗe, ya gangara har ƙasa, a ba shi kwana biyu. Laraba sai a zuba kankare. Zan biyo ta wurin bayan la'asar in ga bangon da idona, ka ajiye mini tsani.